Wa Ke Tashi Ƙarfe Biyun Dare? Waiwaye Kan Aikin Kwamfuta a Jega da Aliero da Maiyama

A ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, har zuwa 'yan shekarun nan, babu wani aiki mai lokaci da ba a rataya shi a wuyan wani mutum ba. Ban-ruwan albasa da mai shi, kaɗa ƙararrawar makaranta da mai shi, rufe littafin kuɗi a ƙarshen wata da mai shi. Idan aiki ya kwana ba a yi ba, ba a wahalar bincike, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Shi kansa lokacin ba da agogo ake auna shi ba. Da asuba, da hantsi, bayan azahar, kafin la'asar sakaliya: da waɗannan ake ɗaukar alkawari, da su kuma ake cika shi. Jega, wadda Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana ya kafa a farkon shekarun 1820, ta zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu ba tare da an manna jadawali a bango ba. Fatake sun san ranar kasuwa, dillalai sun san ranar fatake.

Manomin albasa na Aliero yakan yafa iri tun damina ba ta gama janyewa ba, ya yi dashe da sanyi ya soma shigowa, daga nan sai ban-ruwa bi da bi har albasa ta ƙosa, a cire ta, a kai rudu ta jira farashi. Da can da jigo ake ɗebo ruwan, daga baya injin ban-ruwa ya karɓe shi. Amma ko da injin ya zo, mai tayar da shi mutum ne, kuma mutum yana da ido. In ya ga fangali bai tsotse ruwan jiya ba, ya ƙyale shi. In iskar hunturu ta busar da ƙasa da wuri, ya ƙara. Babu wanda ya rubuta masa wannan a takarda.

Yau a ofis da makaranta da asibiti wani kaso na aikin mai lokaci ya koma hannun wata 'yar manhaja da masu sana'ar ke kira wakili. Ana dasa ta a cikin kwantena ta manhaja, a ce mata ƙarfe kaza ki yi kaza, ta yi, kowa yana barci. Yaran da suka tarar da abin a haka suna ɗauka daga nan aka faro. Mu da muka yi zaman ɗakin kwamfuta tun lokacin faifan CD mun san an sha tafiya kafin a iso nan, kuma ba duk abin da aka yar a hanya ne ya cancanci a yar ba.

An ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, amma kwamfuta ba ta zama kayan aikin yau da kullum a ƙananan hukumominmu ba sai bayan shekara goma da ɗoriya. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. Shagunan buga takardu suka soma bayyana a bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Jega da Maiyama ya nufi Koko da Yawuri. A 2006, zamanin gwamna Adamu Aliero, aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, sai ga samari masu karatun kwamfuta suna yawo da filashi a wuya kamar laya. Rajistar ɗalibai, sakamakon jarrabawa, jerin albashi, lissafin magani, duk suka fara ƙaura daga manyan littattafai masu bangon kwali zuwa cikin na'ura.

Ƙaurar ta zo da wani irin aiki da ba mu saba da shi ba, aikin da in an yi babu mai gani, in an bari kuwa wata rana sai an yi kuka. Babbansa shi ne kwafin ko-ta-kwana. Littafin akawu yakan shekara talatin in gara ba ta same shi ba, faifan cikin kwamfuta kuwa yana iya mutuwa da rana tsaka ba sallama, balle a zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu. Don haka aka ɗora wa ofareta cewa kullum kafin ya tashi ya kwafe bayanan ranar a faifan CD ko filashi, ya rubuta kwanan wata da maka, ya adana. Inda yake adanawar shi ne abin dariyar: a durowar teburin da kwamfutar ke kai. Gobara ko ɓarawo in sun zo, uwa da 'ya za su kwasa. Filashin ma shi ne babban mai yaɗa cuta a wancan zamani. An kai shi shagon buga takardu sau ɗaya, ya dawo da ƙwayar da ke ɓoye manyan jakunkunan fayil ta bar inuwarsu, ofareta ya buɗe ya ga wayam, gumi ya karyo masa.

Kuma aikin yana cin lokaci. Sau da yawa ofareta yakan bar kwafin yana tafiya ya nufi gida, amanar ta koma hannun mai gadi. Na sha jin irin wannan sallamar a bakin ƙofa: "Baba, don Allah kada a kashe inji sai koren layin nan ya cika." Shi kuma ya ce, "To ɗana, in dai mai ya kai." Dattijon bai san abin da layin ke nufi ba, amma ya san an ba shi amana. In janareta ya mutu da dare, da safe shi zai tari ofareta tun daga bakin get ya gaya masa. Wato dai tun kafin a kunna kwamfuta an riga an san aikin jiya bai kammala ba. Wannan rahoton na safe, mai zuwa da ƙafarsa ba a nema ba, shi ne abin da muka fi yin asararsa daga baya.

Waɗanda suka fara gajiya da wannan tsari su ne 'yan tsirarun da suka ɗanɗana Linux. A wancan lokaci sauko da babbar manhaja ta modem ɗin da ake soka wa kwamfuta aiki ne na kwana da kwanaki, amma kamfanin Canonical yana aiko da faifan Ubuntu, wani nau'in Linux ɗin, kyauta ta gidan waya ga duk wanda ya nema, har zuwa 2011 da ya daina. A cikin faifan akwai wani tsohon ma'aikaci mai suna cron. An haife shi a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a tsakiyar shekarun 1970, a cikin tsarin Unix, kuma samfurin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda Paul Vixie ya rubuta a 1987. Aikinsa ɗaya ne. Kowane minti yakan duba wata 'yar takarda da aka rubuta masa, in lokacin wani aiki ya yi ya tayar da shi. Kowane layi na takardar yana farawa da gurbi biyar: minti, awa, ranar wata, wata, ranar mako. Alamar tauraro tana nufin kowanne. In ka rubuta 0 2 * * * sannan ka bi shi da umarnin kwafi, ka gama: kullum ƙarfe biyun dare za a yi. Masu Windows XP su ma suna da nasu mai tsara ayyukan, na danne-danne da linzami, amma wanda ya iya cron a lokacin ji yake ya fi kowa.

Ranar da mutum ya fara zuwa da safe ya tarar da fayil ɗin kwafi yana jiransa, da tambarin ƙarfe biyu da 'yan mintuna, ba ya manta ta. Sai dai murnar ba ta daɗewa, domin cron an yi shi ne don na'urar da ba ta kwana. Waɗanda suka ƙirƙire shi ba su san NEPA ba. Layin wuta mai ƙarfin kilobolt 330 ya taso daga Kainji ya sauka Birnin Kebbi, har ana tura wani kaso Yamai, amma wannan bai hana unguwa ta kwana cikin duhu ba. Sunan hukumar ya koma PHCN a 2005, daga baya rabon wuta a Kebbi ya koma hannun kamfanin Kaduna, mutane dai ba su fasa cewa NEPA ba. To shi cron in ƙarfe biyu ta yi na'ura tana kashe, shi ke nan, aikin ranar ya wuce. Ba ya ramuwa, ba ya kuma gaya wa kowa. Sai a yi mako uku babu kwafi ko ɗaya, kowa yana tsammanin ana yi, tunda ai an ce yanzu kwamfuta ke yi da kanta. Akwai ɗan'uwansa anacron, wanda ke riƙe ranar da aka yi aiki na ƙarshe, in an kunna na'ura ya ga an tsallake sai ya rama. Shi ya fi dacewa da ƙasarmu nesa ba kusa ba, amma kaɗan ne suka san da shi, kuma da kwana yake lissafi, ba da awa ba.

Ga kuma ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon cikin kwamfuta, wanda ke riƙe agogo in an ɗauke wuta. In ya mutu, na'ura takan farka tana tsammanin shekarun baya ake ciki. Duk jadawali ya rikice, fayiloli su fito da kwanan watan da ya girmi ginin ofishin. Batirin ba shi da tsada, amma sai an sha wuya kafin a gane shi ne.

Babbar cutar wancan zamani ba ta wuta ba ce. Ilimin aikin ne ya tattaru a wuri biyu kacal: cikin na'ura ɗaya da cikin kan mutum ɗaya. Mutumin kuwa sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne. Za a turo yaro mai ƙwazo, ya zauna wata da watanni yana girka wannan yana gyara wancan, ya rubuta 'yan umarninsa ya warwatsa su a lunguna daban-daban na na'urar, komai ya tafi daidai. Shekara na cika ya karɓi takardarsa ya hau mota. Abin da ya bari shi ne uwar garke, wato babbar na'urar da sauran ke dogaro da ita, a kusurwar ɗaki da wani dogon gargaɗi a bakin kowa: kada a taɓa. A wata makaranta da ba sai na kama suna ba, na ga irin wannan na'ura da aka yi shekaru ana lallaɓawa, an lulluɓe ta da zane saboda ƙura, ba a sabunta komai a cikinta don tsoron kada ta ƙi tashi. Ranar da ta mutu aka sayo sabuwa wadda ta fi ta komai, amma aka rasa mai iya mayar da ayyukan dare yadda suke. Shugaban wurin ya kira ma'aikacin da ya gaji ɗakin ya ce, "Malam, ba kai ma kwamfutar ka karanta ba?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, na karanta, amma abin da ke cikin waccan ba a littafi yake ba." Gaskiya ya faɗa. Aka koma kiran tsohon ɗan bautar ƙasa a waya, yana wata jiha yana ƙoƙarin tuno abin da ya yi shekara huɗu baya.

Wannan ciwon ba namu ba ne mu kaɗai, duniya duka tana fama da shi, kuma shi kwantena ta zo warkarwa. A watan Maris na 2013 Solomon Hykes ya nuna Docker a bainar jama'a. Dabarar killace manhaja ta girme shi sosai, tun 1979 Unix ke da wani nau'inta, amma Docker ne ya sauƙaƙa ta har ta shiga hannun kowa. Kwantena kamar ɗan ci-rani take, wanda ya zo da tabarmarsa da tukunyarsa da garinsa: ɗaki kawai yake nema, bai damu da abin da masu gida ke dafawa ba, ranar da ya tashi kuma ya naɗe komai ya bar ɗakin yadda ya same shi. Manhajar tana tafe da duk abin da take bukata, don haka yadda ta yi aiki a kwamfutar ɗalibi a Aliero haka za ta yi a uwar garken wani ofis a Jega. Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina shi ne ba a haɗa kwantena da ka. Sai an rubuta takardar umarni, wadda ake kira Dockerfile, layi bayan layi: ɗauko wannan tushe, girka wannan, kwafo wancan, tayar da kaza. Ilimin da ke kan ɗan bautar ƙasa ya sauko takarda. In na'ura ta mutu, a ɗauko takardar a sake ginawa kafin shayi ya huce.

Abin bai iso mana da wuri ba, kuma dalilin kuɗin data ne. Samfurin da ake zubo kwantena daga gare shi sai an sauko da shi ta intanet, wani yana da nauyin ɗaruruwan megabait. Shi ya sa masu wayo suka rungumi Alpine, wanda tushensa bai wuce megabait biyar da 'yan kai ba, kuma yana tafe da ɗan ƙaramin cron nasa. Da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, cibiyoyi masu na'urori da yawa suka ƙaru a ko'ina, samarinmu suka saba da haɗa uwar garke da 'ya'yanta, layin waya kuma ya ƙara ƙarfi. Daga nan ne maganar kwantena ta fara fita daga bakin 'yan kaɗan.

Duk wanda ya fara dasa mai tsara ayyuka a kwantena yakan faɗa rami ɗaya. Ya gina, ya tayar, ya duba, ya tarar ta mutu nan take ba tare da wani kuskure ba. Dalili shi ne ran kwantena yana rataye ne da aikin farko da aka tayar a cikinta, in ya ƙare ita ma ta ƙare. Shi kuwa cron al'adarsa ce da ya tashi ya koma bayan fage ya ɓuya, sai kwantena ta ɗauka an gama, ta rufe. Maganin harafi ɗaya ne da ake ƙara wa umarnin don a tilasta masa tsayawa a gaba, amma mutane sun kwana a kansa. Ramin da ke biye da shi na agogo ne, kuma ya fi cutarwa domin ba ya nuna kansa. Yawancin kwantenoni suna tashi ne da agogon duniya, Najeriya kuwa tana gabansa da awa ɗaya. Ka tsara a tura wa ɗalibai saƙon tuni ƙarfe bakwai na safe, saƙon ya fita ƙarfe takwas, lokacin an riga an raba takardun jarrabawa. Dole a gaya wa kwantena a fili cewa yankinta Africa/Lagos ne. Sa'armu ɗaya a nan, ba ma tura agogo gaba da baya da sauyin yanayi yadda Ingila da Amurka ke yi, inda akwai daren da wata awa ke ɓacewa ɗungum, wani daren kuma ta zo sau biyu.

Sauran ramukan ƙanana ne amma suna da yawa. Bayanan da aka miƙa wa kwantena lokacin tayar da ita, irin su adireshin rumbun bayanai, cron ba ya miƙa su ga ayyukansa sai an yi dabara, don haka umarnin da ya yi aiki da hannu sai ya ƙi da dare. Wasu don gudun wannan sukan rubuta kalmar sirri a cikin samfurin kansa, su kuma ɗora shi inda kowa zai iya saukewa, wanda ganganci ne, balle yanzu da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan duk mai riƙe da bayanan mutane. Sai wanda ya fi ba ni haushi: a tsara kwafin ko-ta-kwana ya riƙa sauka a cikin kwantenar kanta. Ranar da aka goge ta don a gina sabuwa, kwafin wata shida ya bi ta. Sai an haɗa mata wata ma'ajiya ta waje wadda ba ta mutuwa da mutuwarta, kuma ko ita ma bai kamata ta zama a na'ura ɗaya da asalin bayanan ba. In ba haka ba durowar ofareta ce aka sake ƙerawa da sabon suna.

Inda wakili na zamani ya yi wa cron fintinkau shi ne wajen jeranta aiki. Da can in kana da aiki biyu, kwafi da kuma tura kwafin wani wuri, sai ka sa na farko ƙarfe biyu, na biyu ƙarfe uku, kana fatan awa ɗaya ta isa. Shekara na zagayowa bayanai sun yi yawa, kwafi bai gama ba turawa ta fara, a tura rabin fayil. Yanzu akwai babban mai tsarawa a wuri ɗaya, da wakilai a kan kowace na'ura. Wakili yana sauraro ta wata ƙofa mai lamba, a aiko masa umarni, ya aikata, ya mayar da amsa: sifili in an yi nasara, wata lamba in an samu matsala. Aiki na biyu ba ya tashi sai na farko ya kawo sifilinsa. In ya faɗi a sake gwadawa, in ya sake faɗi a aika wa wani saƙo. Ana kuma iya gaya wa kwantena ta tashi da kanta duk lokacin da na'ura ta tashi, ita na'urar kuma a saita ta ta kunna kanta da dawowar wuta. Wanda ya yi zamanin roƙon mai gadi ya san girman wannan.

Duk da haka har yanzu kayan ba da mu aka auna su ba. Kubernetes, wanda Google ta fitar a 2014 don kiwon kwantenoni masu yawa, a shekarunsa na farko yana da wata ƙa'ida: in ya ƙirga lokutan da aiki ya tsallake suka haura 100, ba ya tayar da shi, sai ya rubuta kuskure ya yi shiru, sai fa in an saita masa wa'adi tun farko. Aikin da ke gudana duk minti biyar yana cika ɗari a cikin awa takwas da minti ashirin. A wurin waɗanda suka rubuta ƙa'idar, na'ura ta yi awa takwas a kashe babban bala'i ne. A Maiyama kuwa abin yau da kullum ne. Ni ma dai ban ga abin da ƙaramin ofis zai yi da Kubernetes ba, kwantena ɗaya ko biyu sun ishe shi, sauran burga ce.

Sai a ce to a kai komai can sama, a yi hayar na'ura a ƙasar waje inda wuta ba ta yankewa. An gwada. Hayar da dala ake biya, kuma a 2022 bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Waɗanda suka dogara da janareta su ma cire tallafin mai na ranar 29 ga Mayu, 2023 ya karya musu lissafi. Abin da ya tsaya da ƙafarsa a ƙarshe shi ne ƙaramar na'ura marar cin wuta, da faranti biyu na sola, da batir da inbata. Wannan haɗin ya yi wa aikin dare a yankinmu abin da wata manhaja ba ta yi masa ba.

Akwai kuma abin da babu saitin da ke gyara shi. Gurabe biyar ɗin nan kalandar Bature kawai suka sani. Wakili bai san watan azumi ya kama ba, balle ya san an sauya lokacin tashi daga aiki. Ranar Salla ba a saninta sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, don haka ba ta rubutuwa a jadawali tun farkon shekara, sai dai wani ya tashi da daren ya dakatar da saƙon neman biyan kuɗin makaranta kada ya faɗa wayar iyaye suna hanyar idi. Ko a kalandar da ya sani ɗin ma, cron na asali ba shi da alamar ranar ƙarshe ta wata. Wanda ya sa lissafin albashi ranar 30 zai wayi gari a Fabrairu babu abin da ya gudana. Tsohon akawu bai taɓa yin wannan kuskuren ba, kamar yadda mai ban-ruwa bai taɓa zuba ruwa a fangalin da ke jiƙe ba.

Ba ina cewa a koma faifan CD ba ne. Kwantena ta raba mu da na'urar da ba a taɓawa, ta kuma sa aikin mutum yana iya wanzuwa bayan tafiyarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da na lura da shi dai shi ne duk lokacin da aka ce aiki ya koma yin kansa, sai sunan mai shi ya ɓace daga kansa. Wakili yana rubuta rahoto kowane dare, dalla-dalla fiye da yadda mai gadi zai iya, amma rahoton yana zaune ne a inda sai an je an buɗe, saƙon gargaɗin kuma sau da yawa yana tafiya ne akwatin imel na ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki tun bara.

Don haka kirana ga shugabannin makarantu da asibitoci da sakatariyoyin ƙananan hukumomin nan uku: ku tambayi mai kula da kwamfutarku sunan wanda ke duba rahoton dare kowace safiya, da wanda ke riƙe masa in ya yi tafiya. Kada ku sa wa ɗan bautar ƙasa hannu a takardar sallama sai ya miƙa takardar gina kwantenarsa da jadawalin ayyukanta, an kuma gwada su a wata na'ura a gabansa. Sannan sau ɗaya a wata ku sa a ɗauko kwafin daren jiya a buɗe shi a gabanku, ku ga sunayen ɗalibanku ko majinyatanku da idonku.